Yaya Garba da Man da Bai Kai Kasuwa ba

Bana shekara ashirin da biyar ke nan da rasuwar yayana, Malam Garba. Ya cika ne wata Laraba da hantsi, a gidansa da ke Gusau, bayan gajeriyar jinya. Mu uku ne a ɗakin: ni, da matarsa Hajiya Luba, da ƙanwar mahaifiyarmu Inna Kulu, wadda ta zo dubiya daga Bungudu ta ƙi komawa. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Masu karatu ba su san sunansa ba, kuma babu dalilin da zai sa su sani. Bai riƙe muƙami ba. Kimiyyar sinadarai ya karanta, ya yi shekaru a ɗakin gwaje-gwaje na wata masana'antar matse mai. Da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara, Gusau ta zama hedikwata, sai ya ajiye aikin ya dawo gida, ya gyara wani ɗaki a bayan gidansa, ya ce zai riƙa haɗa man shafawa. Ni a lokacin ina aikin rediyo. Abin da nake so in tuna yau abu ne guda da ya faru a watan azumi, kusan shekara guda kafin rasuwarsa.

Damuwarsa ita ce maiƙo. Man kaɗanya da man gyaɗa suna da kyau a jiki, amma suna zama a saman fata, su ɓata riga. Shi kuwa ya san cewa idan aka ɗauki man angurya aka dafa shi da sifirit, irin wanda ake goge fata da shi kafin allura, aka sa soda kaɗan don ta tura aikin, man yana rikiɗa ya zama wani siririn mai da fata ke shanyewa nan take. Masana suna kiran irin wannan mai esta. Ya sha gaya mini cewa yawancin esta ba su da faɗa da fata. Abin tsoro shi ne ragowar da aka bari a ciki. Saboda haka dole a wanke man da ruwan ɗumi, a sake wankewa, har sodar ta fita duka. Bayan haka yake haɗa shi da man kaɗanya da ɗan turare ya zuba a gwangwani.

Ba ya yarda mai ya fita daga ɗakin nan sai ya gwada shi a jikin mutum. Yakan ɗiga kaɗan a auduga, ya ɗora a fata, ya rufe da filasta, a bar shi kwana biyu ba tare da an cire ko an jiƙa ba. Littattafan da ya karanta sun ce a duba ko wurin ya yi ja. Wannan yakan ba shi dariya, domin a jikin zomaye da fararen mutane aka tsara ma'aunin, mu kuwa fatarmu ba ta cika nuna ja ba. Sai ya koya wa kansa dubawa da yatsa: ko wurin ya fi kewayensa ɗumi, ko ya ɗan tasa, ko akwai ƙananan ƙuraje kamar tsabar gero. Bayan wasu kwanaki kuma ya sake dubawa ko wurin ya yi duhu ko yana saɓa.

A shekarar nan Ƙaramar Sallah ta faɗo cikin sanyi, lokacin da kowa ke neman abin shafawa. Wani ɗan kasuwa daga Tsafe, Alhaji Mamman, ya shafa man a bayan hannunsa ya ji daɗinsa, ya ce zai kwashe duk abin da aka haɗa ya raba wa masu shaguna kafin Sallah. Wannan ce kasuwa ta farko mai girma da ta zo wa Yaya Garba, kuma duk abin da ya tara ya zuba shi cikin wannan haɗin. Alhaji ya kuma nemi in karanta talla a rediyo, da kalmomin da ya zaɓa da kansa: an gwada, an tabbatar.

An gwada ɗin kuwa. Yaya Garba ya manna wa kansa a damtse. Ya tafi Bungudu ya roƙi Inna Kulu da matan gidansu da na maƙwabta, waɗanda suka yarda ya manna musu. Bayan kwana biyu matan duk suka fito fes, babu ƙurji, babu ƙaiƙayi. Damtsensa shi kaɗai ne ya yi ƙuraje.

Ina zaune a ƙofar ɗakin ranar da Alhaji Mamman ya zo jin sakamako.

"Malam Garba, mata duk sun ce lafiya lau," in ji shi. "Fatarka ce kaɗai ta yi gardama. Kai da kake wuni cikin soda da sifirit, ai fatarka ba ta isa shaida ba."

"Mai yiwuwa ne, Alhaji."

"To a ba ƙanenka ya karanta mana tallarmu."

"An gwada gaskiya ne. An tabbatar ɗin ne ban yarda da shi ba tukuna. Ka ba ni zuwa jibi."

Abin da ya tsaya masa a rai shi ne tsabtar sakamakon. A saninsa, ko ruwa zalla aka rufe da filasta kwana biyu, sai an sami wadda filastar kanta ta ɗan dame ta. Nan kuwa ko alamar danƙon filasta bai gani sosai ba. Washegari ya sake manna wa matan, rana ta gaba kuma ya ce in raka shi, ba tare da ya aika cewa muna zuwa ba. Muka hau babur ɗinsa, muka isa Bungudu ana kiran la'asar.

Mun tarar da Inna Kulu a tsakar gida, ta tsuguna da buta tana alwala. A bakin turmin da ke gefenta an liƙa filasta ta gefe guda, audugar tana lilo. Muka tsaya har ta gama. Ta goge hannu da gefen zanenta, ta ɓamɓaro filastar daga turmin, ta mayar da ita wuyan hannu, ta danna da babban yatsa.

Bayan mun gaisa ya ce, "Inna, me ya kai filastar nan bakin turmi?"

"Nan nika aje ta in zan yi alwala. Ban taɓa bari ta faɗi ƙasa ba."

"Ai na ce kada a cire."

"Awo, ka ce. To ciwo ne garan da zan shafa bisa filasta? Hannu lafiyayye, in bar lam'a, wurin da ruwa bai taɓa ba, cikin watan azumi? Haba Garba."

"Sauran matan fa?"

"Kowa haka taka yi. Ni na ma gaya musu."

"Inna, me ya sa ba ku faɗa mini ba?"

"Kai mi ka tambaye mu? Cewa ka yi yana ƙaiƙayi ko ba ya yi. Bai yi ba. Ƙarya kaka so mu yi maka?"

Yaya Garba ya zauna a tabarma. A hanyarmu ta komawa ne ya bayyana mini. Shi nasa a damtse ya manna, sama da gwiwar hannu, inda ruwan alwala ba ya kaiwa, kuma ya saba yin haka har ya manta dalilinsa. Da ya zo kan matan, ba zai iya cewa matar wani ta buɗe masa damtse ba, ko da kuwa innarsa ce. Sai ya manna a wuyan hannu, iyakar inda mace za ta miƙo wa namiji ba tare da nauyi ba. Wato kunya ce ta zaɓa masa wurin. Matan kuwa sau biyar a rana suna wanke man tas, su mayar da busasshiyar auduga. Ba a gwada komai a jikinsu ba sai haƙuri.

Bai nemi kowa ta sauya alwalarta ba. Ya zaunar da Hajiya Luba ya koya mata aikin: inda za ta manna a damtsen matan, yadda za ta shafa da yatsa a hasken rana, da abin da za ta tambaya. A ɗaya damtsen kuma ta manna man kaɗanya zalla, don a bambanta laifin mai da laifin filasta. Ina jin ta tana tsokanarsa, wai ashe duk karatun nasa sai an haɗa da ita zai yi aiki. Ya ce mata haka ne, ta dai yi a hankali da audugar.

Ita ta shiga ɗakunan matan a Bungudu, shi yana zaure. Bayan kwana biyu ta fito masa da labari. Wasu ba su ji komai ba, amma da dama wurin ya tasa ya yi ƙuraje, gefen man kaɗanya kuma lafiya. Cikinsu har da wata mai jego. Inna Kulu ta aiko a gaya masa cewa wannan karon kam abin nasa ya cije ta.

Ya koma ɗakinsa ya kaɗa man da ruwa ya gwada ruwan, ya ga akwai sauran soda. Saurin Sallah ya sa bai wanke man yadda ya saba ba. Da a ce bai haɗa ba tukuna, da sake wankewa kawai zai yi. Amma ya riga ya gauraya shi da man kaɗanya da turare, yana cikin gwangwanaye, an rufe. Babu yadda za a yi a wanke shi.

Tare muka je Tsafe. Shagon Alhaji Mamman yana bakin titin Funtua, motoci suna ta wucewa, muka zauna a benci. Alhaji ya saurara har ƙarshe.

"Ƙuraje ne fa kawai, Malam Garba. Ba kisa yake yi ba. Kuma wa zai shafa mai ya rufe da filasta kwana biyu?"

"Babba zai iya shafawa bai ji komai ba. Jariri fa? Matsematsinsa da wuyansa a rufe suke wuni, ga goyo."

"To a rubuta a jikin gwangwanin, ban da jarirai."

"Alhaji, uwa idan ta gama shafa wa kanta, ragowar da ke tafin hannunta a jikin wa take gogewa?"

Alhaji ya kalli titi. "Na riga na yi wa mutane alkawari. Na bar wani mai kawo mini daga Kano saboda kai."

"Ka ce musu ni ne na saɓa, domin ni ne."

"Allah ya ba mu alheri," in ji Alhaji, ya miƙe.

Ba na ganin laifinsa. Mutum ne mai riƙon alkawari, an kuma sa shi ya ji kunya a gaban abokan cinikinsa ana gab da Sallah. Bai sake karɓar kaya daga hannun Yaya Garba ba, ko da yake ya zo jana'izarsa.

Yau idan na buɗe waya ina ganin mayukan shafawa iri-iri, ana haɗa su a ɗakunan kwana ana aikawa gari-gari. Wasu an rubuta musu cewa babu sinadari a ciki. Na san wannan zai sa Yaya Garba murmushi, shi da yake cewa ruwan randa ma sinadari ne. Wasu kuma na sauya launin fata ne, kuma duk mun ga fuskokin da suka ƙone. Ba na jin zai yi wa kowa faɗa, don ba halinsa ba ne. Zai dai tambayi mai sayarwa a jikin wa ta gwada, a wane wuri, kuma wa ya duba.

Na kuma ji cewa yanzu masana suna iya rainon fata a ɗakin gwaji, su ɗiga mai a kanta, ba sai an aske zomo ba. Wannan zai faranta masa rai. Amma ina zaton zai ce wannan fatar ba ta goyo, ba ta gumin Gusau, ba ta alwala, don haka har yanzu sai an je an ga yadda masu shafawar suke wuni. Hanyar Tsafe da muke bi a babur ba tare da tunanin komai ba, yau sai mutum ya yi tambaya kafin ya hau ta. Wannan kam ban san me zai ce a kai ba.

Idan na auna abin da ya rage nasa, ba shi da yawa a ido. Ɗakin bayan gida ya zama na ajiyar hatsi. Babu mai da ke ɗauke da sunansa a kasuwa. Abin da ya rage yana cikin gidajenmu ne. Hajiya Luba tana nan da ranta, kuma babu sabon mai da ke taɓa jikin jikokinta sai uwar yaron ta shafa shi a damtsenta ta jira. 'Yan matan gidan suna yin haka ba tare da sun san daga inda abin ya samo asali ba. Ni kuma, a sauran shekarun da na yi ina karanta labarai, duk lokacin da aka miƙo mini takarda mai cewa an tabbatar, sai na tambayi yadda aka yi aka tabbatar kafin in buɗe baki.

Man da Yaya Garba ya sake haɗawa ya wuce gwajin Hajiya Luba, ya fita bayan Babbar Sallah, lokacin da zafi ya riga ya shigo, masu saye suka yi ƙaranci. Gwangwanayen farko kuwa, ya ba da su kyauta ga wani mai gyaran keke a bakin tasha, bayan ya kankare sunan man daga jikin kowanne. Mutumin ya fi shekara yana shafa wa sarƙa.