Ranar da Muka Canza wa Motar Baba Bel

Shekarar da idanun Baba suka yi rauni ce motarsa ta dawo hannuna. Tsohuwar mota ce mai dogon baya, wadda ya daɗe yana ɗaukar bandar kifi da ita daga Wara zuwa kasuwar Yawuri. Tun da likita ya hana shi tuƙi take ajiye a gindin dalbejiyar ƙofar gida, kaji na fakewa a ƙarƙashinta.

Da damina ta ɗauke, Inna ta ce in kai ta Wara ta gano ƙanwarta. Na duba mai da ruwa, na sa aka ba tayoyi iska. Baba na zaune kan tabarma yana sauraren motsina.

"Ba ka tahiya da ita hakanan," ya ce. "Sai an canza bel ɗin taimin."

Na ce masa ai injin na tashi lafiya, ban ji wata ƙara ba.

"Shi wanga bel ba ya ƙara. In mota mai sarƙa ce a madadin bel, da sahe za ka ji tana kwaramniya, ka san ta gaji. Roba kuwa shiru take, ran da ta tsinke sai ta kashe injin. Ana canza shi in ya ci hanya mai nisa, ko in ya ci shekaru ko da motar na ajiye. Wanga ya ci duka biyun."

Ya ce da shi za a je gareji. Bakaniken tsohon abokinsa ne tun zaman tasha, gemunsa ya yi fari fat. Suka daɗe suna gaisawa da tsokanar juna kafin a buɗe injin. Da aka ciro bel ɗin, bakaniken bai nuna mini ba, a hannun Baba ya sa shi. Baba ya lanƙwasa shi, ya bi haƙoransa da babban yatsa a hankali. Sannan ya lalubo hannuna ya ɗora yatsana a wurin. Na ji robar ta bushe, duk ta yi tsaga ƙanana. Rabona da ya riƙe mini hannu haka tun ina ƙarami, lokacin da yake tsallakar da ni titi. Ya ce a haɗa da famfon ruwa a canza, tunda an riga an buɗe.

Washegari da hantsi muka fito, sai muka tarar da Baba a kujerar gaba cikin farar riga da hularsa ta Juma'a. Ba wanda ya ce da shi za a tafi, ba kuma wanda ya tambaya. A hanya yana faɗa mini inda rami yake kafin in gan shi.

Dab da Wara ya ce in ratse bakin tafki, wani fili mai faɗi inda masunta ke shanya taru. Na tsaya. Iskar ruwa na kaɗa masa riga.

"Ba ni ta kaɗan," ya ce.

Inna ta leƙo daga baya. "Malam, da idon wa?"

"Da na ɗanki."

Muka yi musayar kujera. Hannunsa bai yi lalube ba, kai tsaye ya sami giya. Motar ta soma tafiya a hankali kamar ana tura ta. Ina cewa dama kaɗan, miƙe, hagu, hannuna kusa da sitiyari amma ban taɓa ba. Wasu dattawan masunta suka gane motar, suka bar tarunsu suna ɗaga hannu suna kiran, "Direba ya dawo!" Baba ya danna musu ham. Na waiwaya na ga Inna ta rufe baki da mayafi tana dariya, idanunta cike da ƙwalla.

Da ya kewaya filin, ya taka birki, ya kashe injin da kansa, ya miƙo mini makullin.

A gidan ƙanwar Inna aka kawo tuwon shinkafa da miyar ɗanyen kifi, Baba ya ci fiye da yadda ya saba. Ƙanwar Inna ta tambaya wa ya tuƙo mu, Baba ya gyara zama ya ce ai shi ne. Inna ta ƙara masa miya ta ce, "Kuma bai hwaɗa rami ko ɗaya ba."