Takalman Baba a Tashar Mokwa

Mu mutanen bakin ruwa ne. Ƙauyenmu yana ƙasar Ngaski, kusa da Wara, kuma Baba ya fi shekara talatin yana tsallaka tafkin Kainji da 'yan kasuwa a jirginsa na katako mai inji. Tun ina yaro na san ƙa'idarsa. Ba ya tashi sai ya miƙe ya ƙirga kawuna, ya yi addu'a, sannan ya dubi gaɓa. In ya ga takalmi ajiye a bakin ruwa, ya san akwai ɗan rakiya da ya shigo taya wani jera kaya, to ba zai ja igiyar inji ba sai mai takalmin ya fita. Haka kowane mai jirgi yake yi a wajenmu.

Jirgin ƙasa kuwa ba mu da shi. A gidanmu ni kaɗai na taɓa shiga, sau biyu, lokacin ina karatu, kuma na daɗe ina cika musu baki da wannan.

Wata Asabar ina Yelwa, inda nake koyarwa, mijin Yayata ya kira ni daga Ibadan, wadda mu muke ce wa Badun. Shekararsu shida da aure sai a lokacin Allah ya kawo rabo, haihuwar kuma ta zo da gardama. An yi mata aiki an ciro ɗa namiji da ransa, amma ita ko juyawa ba ta iya yi. Ya ce ba ta cin abinci, Inna kawai take kira. A ranar na hau babur na tafi gida.

Matsalar ita ce Inna da mota ba sa ga maciji. Matar da za ta yini a kan ruwa iska tana wasa da jirgi tana ɓare gyaɗarta, in ta yi tafiyar awa guda a mota sai ta amayar da abin da ta ci shekaranjiya. Kai ta Badun a mota neman majinyaciya ta biyu ne. Sai na tuna da jirgin ƙasan da yake tasowa daga Kano ya bi ta Mokwa. Na bincika aka ce sau ɗaya yake wucewa a mako, wajen ƙarfe biyu na dare, kuma tsayuwarsa ba ta kai a dafa shayi ba. In ya wuce mu, sai wani makon, Yaya tana kwance a hannun maƙwabta, a yi suna babu ko mutum ɗaya nata.

Har yau abin yana ba ni haushi in na tuna. Mutumin Kano ya sha kokonsa da safe ya shiga, mutumin kudu ya sauka da rana tsaka ana masa sannu da zuwa, mu na tsakiyar hanya aka bar mu da dare da sauro.

Yaya ita ce 'yar fari, saboda haka ban taɓa jin Baba ya kama sunanta ba. Ko a wayar tarho ba ya yarda a ba shi ita, sai dai ya ce a gaishe da mutanen can. Da na ce ko zai raka Inna, harara na samu.

"Mi za ni yi gidan suruki?" in ji shi. "Uwatta ta tahi. Ni jirgina ka jirana."

Amma na lura tuwon da aka kai masa da daddare haka aka ɗauke shi da safe.

Inna ta haɗa kayan jego kamar mai ƙaura: buhun gero na kunu, kanwa, yaji, daddawa, da kwando biyu na busasshen kifi. Baba da kansa ya ɗinke bakin buhun. Ya ce zai tsallakar da mu ruwa kawai ya juyo. Da muka isa ƙetare ya dubi kayan ya ce sun fi ƙarfina, wai hannun mai riƙe alli ba ya ɗaukar buhu. Ya ɗaure jirgi, ya ba wani abokinsa amanarsa, ya shigo mota. Inna ta sha wuya a ɗan wannan tsakanin, kanta a cikin roba har muka isa Mokwa bayan la'asar.

Muna sauke kaya Baba ya zaɓi kifi mafi girma a kwando, ya nufi wani dattijo mai kakin ma'aikatan tasha. Na bi shi da sauri, don na san abin da zai yi.

"Ranka shi daɗe," in ji Baba, "in mai jirgin ya iso, a gaya mashi akwai tsohuwa da kaya. Shi ɗan dakata muna."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Dattijon ya yi dariya, amma ba ta wulaƙanci ba. Ya ce, "Malam, wannan ko ni ba ya jira. Ku tsaya gindin wancan turken fitila, nan ƙofa take tsayawa. Ku fara saka mutum, kaya su biyo baya. In kun ji usur, an gama."

Na sa Baba gaba ina masa bayani, cewa jirgin ƙasa da agogo yake aiki, ba ruwansa da sanayya. Ya saurare ni har na gama, sannan ya miƙo mini wayarsa ya ce in nemo inda za a sa mata caji.

Muka yi magariba, muka yi isha'i, muka shimfiɗa tabarma a gindin turken. Mai shayi ya tashi. Sauran matafiya suka kwanta a kan kayansu. Na ce da su Baba su runtsa, ni zan yi gadi, tunda ni na san kan abin. Ƙarfe biyu ta yi babu jirgi. Uku ta gota. Ina ta kallon inda dogo ya shige cikin duhu ina lissafin yadda zan gaya wa Yaya in abin bai yiwu ba. Ban san sa'ad da barci ya sace ni ba.

Taɓa ƙafata aka yi. Baba ne a tsaye, ya riga ya naɗe tabarmarsa.

"Tashi, malamin makaranta. Ga shi nan tahe."

Na kasa kunne, ban ji komai ba sai kwaɗi. Na fara cewa ai babu ko haske, ya ce injin mai nauyi ne, kuma ya rage gudu. Sai da muka tashi Inna, ta ɗaura ɗankwali, muka jawo kaya bakin dogo, sannan na hango fitila can nesa.

Abin da ya biyo baya a ruɗe na yi shi. Tasha ta cika da ihu, masu sauka suna ture masu hawa, matakalar kuma ta yi wa Inna tsawo. Na sa kafaɗa na ɗaga ta, wata mata daga ciki ta kama hannunta ta ja. Da na ga ƙafarta ta biyu ta shige, sai na koma wajen kaya. Baba ya tuɓe takalmansa ya jera su a gindin matakala, ya haye, ni ina miƙa masa kaya. Buhun gero ya fara karɓa.

Aka busa usur. Na ce, "Baba, sauko." Ta taga ina ganinsa yana tura kwando ƙarƙashin kujera, mai nauyi a ƙasa, marar nauyi a sama, yadda yake yi a jirginsa. Aka sake busawa. Na buga jikin taragon da tafin hannu. Shi kuwa ya miƙe tsakiyar mutane ya ɗaga hannu yana addu'a, har wasu suna cewa amin.

Jirgi ya motsa. Na bi shi a guje ina kira. Baba ya leƙo ta ƙofa, hularsa a karkace.

"Kai, gaya mashi akwai takalmi ƙasa!"

Wa zan gaya wa? Na tsaya inda simintin tasha ya ƙare ina kallon jar fitilar baya har ta ɓace. Na dawo na ɗauki takalman, tsofaffin na roba da yake shiga ruwa da su, na zauna. Inna dai ta shiga, wannan shi ne babba, kuma na ji daɗinsa har cikin ƙashina. Amma ga tsoho an tafi da shi ba takalmi, ba tikiti, wayarsa tana aljihuna. Dattijon nan na tasha ya ce kada in damu, Baba zai iya sauka a Jebba ya biyo mota.

Bayan asuba Inna ta kira. Ta ce an wuce Jebba, Baba ya ce shi ba ya sauka garin da bai san kowa ba ƙafa a ƙasa. Mai duba tikiti ya yi dariya ya yankar masa. Ita kuma ko tashin zuciya ba ta ji ba, har ta karya da kifi.

Da yamma mijin Yaya ya kira. Ya ce Yaya tana ganin Inna ta yunƙura ta zauna, karo na farko tun da aka yi aikin, ta sha kunu kofi guda. Baba bai shiga ɗakin ba. A bakin ƙofa ya tsaya yana gyaran murya, sai da aka miƙo masa jaririn. Daga nan aka ba Yaya wayar. Ta ce, "Har da Baba."

Baba ya dawo a mota bayan suna. Duk wanda ya shiga jirginsa a watan nan sai ya ji labarin direban da bai san darajar takalmi ba. Inna kuwa sai da aka yi arba'in. Ranar da ta dawo ina taya ta kwance tsaraba, na ce ai gara da aka yi wannan kuskuren. Ta dube ni kamar yadda take dubana ina ƙarami in na faɗi shirme.

"Mutumin da ka jin inji tun daga ƙetaren ruwa, shi na bai ji usur ba?" Ta rage murya. "Da munka buɗe buhun gero, rigatai ta Sallah da sabbin takalma na ciki, ƙunshe ga leda. Ƙafa ƙasa yat tahi hab Badun don kar shi buɗe shi gabana."

Ban taɓa tambayarsa ba. Har yanzu in ya ɗauko labarin, ina taya shi ganin laifin direban.