Hannu Biyu Cikin Rawani Ɗaya

Da shigowar kakar albasar bana, shekara tara ke nan da rasuwar mahaifina, Malam Umaru, wanda mutanen Argungu suka fi sani da Tsohon Ɗandoka. Ban taɓa rubuta komai a kansa ba. Bana ma da haka zan yi, in yi masa addu'a in koma kan tafiretata a ofis, ba don an zo gidanmu neman sunansa ba. Samarin da suka kafa ƙungiyar sintiri a unguwarmu suna so su sa wa ƙungiyar sunan Baba, a rubuta shi a allon ƙofar ofishinsu. Yayana Bello, wanda muke uwa ɗaya uba ɗaya, shi ne mataimakin shugabansu, kuma shi ya kawo su gaban Inna neman izini. Inna ta ce a ba ta mako guda, sannan ta aika a kira ni daga Birnin Kebbi inda nake aiki.

Ga wanda bai san shi ba, Baba ɗan doka ne, wato ɗan sandan hukumar gargajiya ta zamanin En'e. Ina ƙarama ƙwarai aka soke su. Wasu abokan aikinsa suka koma 'yan sanda, shi kuwa aka ce shekarunsa sun ja, ya dawo ya kama noman shinkafa a fadama. Sai dai ƙafarsa ta ƙi barin kasuwa. Duk ranar cin kasuwa zai naɗa farin rawaninsa ya fita, ya zagaya daga rumfunan kifi zuwa inda ake jibge albasa, babu kulki, babu kaki, babu mai biyansa, babu kuma wanda ya sa shi.

Yana da wata hanya tasa da ban taɓa ganin wani ya yi ba. In aka yi ihun ɓarawo, mutane suka rufar wa mutum, Baba zai kutsa har tsakiya, ya warware rawaninsa, ya ɗaure hannun wanda ake zargi da baki ɗaya, ya ɗaure nasa hannun da ɗaya bakin, ya matse har kafaɗarsu ta haɗu. Daga nan sai ya ce wa taron, "Wanda duk ka son bugun shi, shi hwara da ni." Ba ya gudu, ba ya sauri. Haka zai taka da mutumin har caji ofis, yana tafiya yana kiran masu sanduna ɗaya bayan ɗaya, kowa da sunansa da na ubansa. "Kai Sani na Mamman mai taru, aje iccen ga. Ubanka na nan na ganin ka." Mutumin da aka kira sunan ubansa a bainar jama'a, hannunsa yakan yi sanyi. Ɓarayi na gaske da yawa ya kai ta haka, aka kuma hukunta su. Bai taɓa cewa a saki ɓarawo ba. Abin da ya ƙi shi ne a yanke hukunci a kasuwa.

Gaskiya zan faɗa, a lokacin kunyar abin nake ji. Ina aji huɗu a sakandare, ina ganin na san duniya. In mun dawo hutu, ƙawayena sukan ce sun ga Babana yana yawo ɗaure da ɓarawo kamar mai jan akuya. Da safiyar ranar da abin ya faru, yana naɗa rawani a tsakar gida, na tsaya a kansa na ce, "Baba, an soke 'yan doka tun ban shiga firamare ba. Wai wa ya sa ka?" Inna ta daka mini tsawa daga madafa. Shi kuwa dariya ya yi, ya ce, "Ɗiyata mai baki. To ke hwaɗa mini wa za shi yi, in zamna." Na murguɗa baki na shige ɗaki. Wannan ita ce cikakkiyar magana ta ƙarshe da muka yi yana cikin hayyacinsa.

Bayan azahar Inna ta aike ni sayen daddawa, don haka abin da zan faɗa da idona na gani. Wani baƙo mai suna Bulus, mutumin Filato da ke zaune a Birnin Kebbi da iyalinsa, ya zo sarin albasa. Ya taho da buhunan da ya saya babu komai ciki a kasuwar Birnin Kebbi. Manoman albasarmu kuwa kowa yana da alamar da yake yi wa buhunsa da shuni, wani zane uku, wani da'ira, wani ƙafar kaza. Kwana biyu kafin nan an fasa rumbun wani manomi an kwashe masa albasa. Yana wucewa sai ya hango alamarsa a jikin buhun da Bulus ya cika ya jingine. Bai tambaya ba, ya kwarma ihu.

Babu mutum ɗaya a wannan kasuwar da bai san buhu yana yawo ba. A cika shi a Argungu, a juye a Birnin Kebbi, a sayar da shi fanko, ya sake dawowa. Duk sun sani. Amma an yi sata, ga alama, ga baƙo wanda ba a san ubansa ba balle a ji nauyinsa. Kafin in gane abin da ake ciki, an yaga masa riga, bakinsa yana jini, yana ta cewa, "Na saya ne, wallahi na saya, ku tambayi mai shi."

Baba ya iso ya yi abin da ya saba. Na ga ya warware rawanin, na ga ya ɗaure, na ji ya fara kiran sunaye. Mutanen da ke gaba suka ja baya kamar kullum. Sun yi nisa, sun kusa fita daga layin masu suyar kifi, sai wani daga can baya, inda idon Baba ba ya kaiwa balle ya kira sunansa, ya ɗauki dutsen murhu ya jefo. Bulus ya nufa. Amma Baba dutsen ya samu, a bayan kunne. Kansa babu komai sai 'yar hula, domin rawanin yana hannu. Na sha tunanin wannan har kaina ya yi ciwo: da rawanin yana inda ya kamata ya kasance, ƙila da ya tare.

Ya durƙusa, Bulus ma dole ya durƙusa tare da shi. Na ruga ina kuka zan kwance ɗaurin, ya ture hannuna. "Bar shi. Ba mu kai ba tukuna." Ya miƙe, suka ci gaba, jini yana bin wuyan rigarsa. Babu wanda ya ƙara ɗaga ko tsinke. A caji ofis aka kira wanda ya sayar wa Bulus albasa, ya tabbatar daga gonarsa ta fito. Kafin la'asar an sallami mutumin, manomin ya ba da haƙuri, kasuwa ta ci gaba da ci.

A gida Inna ta wanke raunin da ruwan ɗumi, Baba ya ce ba komai, har ya ci tuwo. Washegari ya fara amai, yana barci ba ya son tashi. A rana ta uku aka ce sai dai Birnin Kebbi. Aka shimfiɗa masa tabarma a bayan akori-kura, kansa a cinyar Yaya Bello, ni ina riƙe da ƙafarsa. Muna daidai Zauro, ana hango masu aikin shinkafa a fadama, Yaya ya buga wa direba jikin mota ya ce ya juya.

Har yau ba a faɗi wanda ya jefa dutsen ba. Kasuwa cike take, rana tsaka ce, wani ya gani. Na tabbata cikin waɗanda suka zo gaisuwa suna cewa an yi rashi, akwai wanda ya sani, ƙila har da mai hannun. Bulus ya zauna a ƙofar gidanmu kwana uku, ba ya cin abin da aka miƙa masa. Har yanzu yana Birnin Kebbi, nakan gamu da shi a hanyar ofis, ya cire hula ya ce, "Sannu 'yar Baba." Na yi shekaru ba na amsawa. Na san ba shi da laifi, amma duk na gan shi a tsaye da ƙafafunsa sai in kau da kai in wuce. Bara na fara amsa masa, shi ma da ƙyar.

To yanzu ga ƙungiyar sintiri. Ba zan yi musu ƙarya ba, akwai dalilin kafa ta. Gari ya girma, baƙi sun yi yawa, 'yan sanda ba za su iya zama a kowane lungu ba, kuma komai aka nema sai an jira amsa daga Sakkwato. An sace wa mutane injin ban ruwa, an yashe wa wata tsohuwa awakinta kaf. Samarin nan lokacinsu suke bayarwa, kuma sata ta ragu, kowa ya shaida. Da Baba zai leƙo ya ga matasa sun tashi don unguwarsu ba tare da an sa su ba, na san zai ji daɗi, shi da ya yi shekaru yana yi shi kaɗai, 'yar cikinsa ma tana yi masa gori.

Amma zai tambaye su bulalar da ke rataye a bangon ofishinsu ta mece ce. Ni na gani a tashar mota watan jiya, da na zo gida. Sun kama wani mutum da akuya, suka kwantar da shi a ƙasa suka zane shi, sai da ya daina ihu sannan aka tambaye shi sunansa da garinsu. Ban san ko ɓarawo ne ba. Su ma a lokacin da suke dukan ba su sani ba. Yayana yana wurin. Bai yi duka ba, bai kuma hana ba.

Ranar da wa'adin Inna ya cika muka zauna mu uku a tsakar gida. Ni ba na iya kewaye-kewaye, na ce, "Yaya, in kuna son sunan, ku ɗauki aikin. Wanda duk kunka kama, ɗayanku shi ɗaure hannunshi da nashi har caji ofis. In kun yarda, ni da kaina zan buga muku takardar."

Ya dube ni. Ya ce, "Ke ƙahwa kika riƙe. Ni kai na riƙe. Ni na ji sa'ad da yab bar numfashi. So kike in kai ma ɗiyana abin da Baba yak kawo muna? In ce ma yaran mutane su tuɓe kai su shiga taro? Zamanin da ake kiran sunan uban mutum shi aje sanda ya wuce, Hadiza. Rabin kasuwar ga ban san ubansu ba."

Na yarda da maganarsa, kuma ba kasafai hakan ke faruwa da ni ba. Domin gaskiya ce, ba na son yayana ya mutu. Shekara tara ina fushi da Baba a kan wannan ɗaurin, ina cewa ya zaɓi baƙo ya bar mu, ga ni yau ina neman ɗora wa ɗansa. Sai a wannan zaman na gane ni da Yaya abu ɗaya muka gani a bayan motar nan, kowa ya fita da nasa. Shi ya ƙudurta ba zai ƙara bari a same shi da kai a buɗe ba. Ni kuwa na kasa manta cewa da jini a wuyansa ya ce ba mu kai ba tukuna.

Nakan tambayi kaina abin da ya rage na Baba. Gonar an raba. Babu wanda ya gaji hanyarsa, kuma ban ga alamar za a samu ba. Akwai mutum ɗaya a Birnin Kebbi da ya aurar da 'ya'yansa mata biyu da hannunsa, wanda da an bar kasuwa da shi, da wani ne zai aurar da su. Akwai kuma tsofaffi a Argungu da in an ambaci Tsohon Ɗandoka sukan sunkuyar da kai, wasu don ƙauna, wasu don abin da suka sani. Ba shi da yawa. Amma duk wanda ya ji sunan ya san abin da yake nufi: mutumin da aka kama zai isa gaban hukuma da ransa, a tambaye shi kafin a taɓa shi. In aka rataya sunan a kan ƙofar da ake duka a bayanta, nan da 'yan shekaru yaran da ke tasowa za su ɗauka shi ma haka ya yi.

Duk tsawon gardamarmu Inna tana ta tsince shinkafa a faifai. Da muka gama ta ajiye faifan, ta ce, "Bello, ku yi aikinku, Allah shi tsare ku, ban hana ba. Ban kuma ce ka yi abin da ubanka yay yi ba, ɗaya ya ishe ni. Amma ku nemi wani suna. Na Malam ku bar mini shi. Shi ɗai yar rage nashi wanda ba a jehwa ba."

Yaya ya tashi ya sa takalmansa. Ya kai zaure ya dawo, ya durƙusa ya ce, "To, Inna." Sannan ya fita ya gaya musu.

Allah ya jiƙan Malam Umaru, ya yalwata masa kabarinsa, ya yafe mini maganar da na gaya masa da safiyar nan. Wanda ya jefa dutsen kuma, in yana raye, Inna tana nan gida, ba ta zuwa ko'ina.