Ɗakin da Na Shirya wa Goggo

Ƙarfe huɗu da kwata na yammacin wata Talata Goggo ta tsaya a ƙofar ɗakin da na shirya mata, ta dubi sama, ta dubi taga, ta ce, "To, an gode." Daga yadda ta ja maganar na san akwai abin da bai yi ba.

Goggo yayar Baba ce. Daga wani ƙauye bayan Kuyello ta zo, bayan Baba ya yi wata biyu yana roƙonta ta dawo Birnin Gwari, don zaman can ya daina zama na kwanciyar hankali. Ina gida hutu, sai aka ba ni aikin gyara ɗakin baƙi. Takarda na ɗauka na rubuta komai. Na sa aka yi farin fenti, na shimfiɗa leda, na ɗinka labule shuɗi. Na auna inda gado zai tsaya don kada ƙafafunta su kalli gabas. Buta sabuwa, darduma, turaren wuta, har da kusurwar da za ta jingina sandarta.

Da safe na kai mata koko. Na tarar da ita a kan tabarma a ƙasa. A tsakiyar gadon kuwa, a kan zanen da na goge sau biyu, wani babban ƙunshi ne ɗaure da tsohon zane, zaune kamar shi ne baƙon.

Ni ba mai iya tambaya ba ce, sai na koma ga takardata. Na rubuta: katifa ta yi laushi. Na zura katako a ƙarƙashinta. Washegari ƙunshi yana gado, Goggo tana ƙasa. Na rubuta: fanka. Na kashe ta. Na canza turare, na cire madubi, na mai da labulen fari. Babu abin da ya sauya, sai dai na lura kullum da hantsi takan kwance bakin ƙunshin kaɗan, ta zura hannu, ta shinshina yatsunta, ta ɗaure. Kuma in Umma ta hura wuta, sai ta je ta zauna a bakin madafa tana kallon rufin, hayaƙi yana shiga idonta ba ta matsawa.

Ranar Lahadi ta ce wa Baba za ta koma ranar Laraba.

"Yaya, wace hanya za ki bi?" in ji Baba. "Me aka yi miki?"

"Ba a yi mini komai ba. Ɗaki kamar na matar gwamna."

Baba ya dube ni.

Ranar Litinin na ɗauki tsintsiya na shiga ɗakin, na share inda na riga na share. Goggo tana jan carbi tana bina da ido.

"Ke 'yar boko, ledar nan za ki huda. Faɗi abin da ya kawo ki."

Na durƙusa. Na ce, "Goggo, me na yi ba daidai ba? Kuma me ya sa kika bar wa kaya gado?"

Ta yi dariya har da tari. Ta jawo ƙunshin ta kwance. Zangarnun dawa ne, jajaye, an zaɓo su manya manya, an ɗaure su biyar biyar da igiyar rama.

"Iri ne," ta ce. "Na uwarmu, ba a samunsa a kasuwa. Shekara biyu ba mu shiga gonar daji ba, wannan kaɗai ya rage, a bayan gida na noma shi. Ƙasa tana da sanyi, shi ya sa na ɗora shi a gado. Amma iri hayaƙi yake so, a rataye shi saman murhu, in ba haka ba ƙwari su cinye shi kafin ruwan fari. Na ga wahalar da kika sha kan farin fentin nan, yaya zan ce ki shigo mini da hayaƙi? In kina so in zauna, ki kwashe itacen da ke ɗan ɗakin nan na jikin madafa, ki kai mini tabarmata can. Labulen ma ki taho da shi, shuɗin. Ya fi farin kyau."