Dutsen Da Na Ɓoye A Akwatin Mama

A shekarar da abin nan ya faru ina da shekara arba'in da ɗaya, ina aikin nas a wani asibiti a kudancin London, muna zaune a Plumstead ni da maigidana da 'ya'yanmu biyu. A cocinmu ni ce sakatariyar zumuntar mata. In za a ba wani makullin coci ko a aiki mace ta sasanta ma'aurata, ni ake fara tunawa, kuma ina jin daɗin wannan shaida fiye da yadda nake nunawa a fuska. Na rubuto muku ne, Edita, don abin ya daɗe yana cina, kuma na ga mutanenmu suna ta tafiye-tafiye irin wadda na yi. Ba zan kama sunan kowa ba, waɗanda suka san labarin sun sani.

Fastonmu ne ya kawo maganar tafiyar. Kwana takwas a ƙasar Turkiyya, tare da jagora da bas ɗinmu na kanmu, mu zagaya kufan garuruwan da ikilisiyoyin farko suka zauna, su Afisa, Simirna, Sardisu da Lawudikiya. Ina jin sunayen nan zuciyata ta tafi gida. Mahaifina mai bishara ne, ya yi shekara arba'in yana yawo a kan keke a ƙauyukan kudancin Bauchi yana wa'azi a kan waɗannan garuruwa, bai taɓa ƙetare ko Kaduna ba, yanzu kuma idonsa ya tafi. Da na gaya masa a waya na yi rajistar tafiyar, sai da ya yi dariya kamar yaro. Ya ce ba ya son tsaraba, in dai buɗe ido in kalla da kyau, in na dawo in ba shi labari dalla-dalla.

Mu ashirin da wani abu muka tafi. Aka haɗa ni ɗaki da wata dattijuwa gwauruwa, 'yar Filato, da ke zaune a Peckham tare da 'yarta. Kowa Mama yake ce mata. Tana da ciwon suga, tana dogara sanda, amma ba a taɓa jiranta a bas ba. Duk inda muka tsaya sai ta sayi ƙananan kayan jarirai, domin 'yarta na da cikin fari, saura mako huɗu ta haihu, kuma Mama ta riga ta tanadi komai na wankan jego har da kunun kanwa. Ni nake duba mata suga da safe, ita kuma tana ajiye mini wuri kusa da taga. Cikin kwana biyu ta koma kirana 'yata.

Jagoranmu wani mutum ne mai furfura, malamin tarihi da ya yi ritaya. Tun ranar farko, kafin bas ta tashi, ya ɗauki makirufo ya ce mu ɗauki hoto iya son ranmu, amma kada wanda ya ɗauki ko tsakuwa daga kufan nan. Ya ce dokar ƙasarsu ba ta wasa da wannan, kuma ana duba kaya a filin jirgi. Ya maimaita har sau biyu. Na ji shi sarai, har ni na fassara wa Mama da Hausa.

Ban san yadda zan kwatanta muku abin da mutum yake ji a wuraren nan ba. A Afisa mun taka titin marmara da sawun kekunan doki ya cinye, muka zauna a matakalan babban dandali muka rera waƙa da Hausa, har wasu Turawa suka tsaya suna saurare. A kwana na shida muka isa Lawudikiya da hantsi. Babu mutane sosai, sai ginshiƙai a kwance cikin ciyawa da kangon wata tsohuwar majami'a da wurin baftismarta. Jagora ya ce a nan mutane irinmu suka yi sujada shekaru ɗaruruwa kafin girgizar ƙasa ta tashi garin. Na ɗan ja baya da ayari don in ɗaura takalmi, sai na ga wani ɓallin marmara a gefen hanya, bai fi sabulun wanka girma ba, an sassaƙa ganye a jikinsa. Na ɗauka don in duba. Da yatsana ya bi sassaƙar, sai na tuna Baba ba zai ga hoto ko ɗaya cikin ɗaruruwan da na ɗauka ba, amma wannan zai iya shafawa. Na waiga, babu mai kallona. Na naɗe shi a ɗankwalina na jefa a jaka.

Safiyar da za mu dawo akwatina ya ƙi rufuwa saboda tsaraba. Mama ta ce nata da sauran wuri, in kawo ta riƙe mini. Na miƙa mata leda ɗaya mai tawul da busasshen ɓaure da sabulai, dutsen yana can ƙasa cikin ɗankwalin. Na daɗe ina gaya wa kaina cewa mantawa na yi yana ciki. Ƙarya ne. Ina sane. Lissafin da na yi shi ne ba wanda zai tsaya binciken tsohuwa mai sanda, in mun sauka London in karɓi ledata, ba wanda ya ji ba wanda ya gani.

A ƙofar filin jirgin ake fara saka kaya a na'ura. Nawa ya wuce. Na Mama ya shiga, aka dawo da shi baya, aka sake sakawa. Wani jami'i ya ɗauke shi gefe ya ce ta buɗe. Ina tsaye bai fi taku biyar ba lokacin da ya warware ɗankwalin. Mama ta dubi dutsen, ta dubi ɗankwalin, sannan ta ɗago ta dube ni. Sau ɗaya tak. Daga nan ta juya ga jagora ta ce da guntun Turancinta akwatinta ne, amma ita ba ta ɗauki dutse a ko'ina ba. Jagoran ya dafe kai. Fasto ya juyo gare mu ya tambaya ko akwai wanda ya san wani abu a kan wannan, ya faɗa yanzu tun ba a tafi da ita ba. Na tuna takardar zamana ta dindindin da ke hannun hukuma ana dubawa, na tuna lasisin aikina, na tuna yarana da za su taso makaranta su tarar ban dawo ba. Na ce a raina tsohuwa ce, za su yi mata faɗa su sake ta, ta biyo jirgin gobe. Na yi shiru. 'Yan sanda biyu suka tafi da ita, matar fasto ta bi su da jakar magungunanta, mu kuma aka ce mu wuce.

Ba ta biyo jirgin gobe ba. Kwana biyu ta yi a tsare, sannan aka sake ta amma aka hana ta barin ƙasar sai masana daga gidan adana kayan tarihi sun duba dutsen, kotu kuma ta zauna. Matar fasto ta yi mako guda da ita ta dawo saboda aiki. Aka bar Mama ita kaɗai a wani ƙaramin masauki, a garin da ba ta jin ko gaisuwarsu, abincinsu kuma bai dace da ciwonta ba. Jagoran nan da muka ƙi jin maganarsa, shi da matarsa ne suke leƙa ta suna kai mata miya.

A London kuwa na ci gaba da zama mutumiyar kirki. Ni na tsara azumi da addu'a domin Mama. Ranar Lahadi aka kira ta a waya aka ƙara murya, na tsaya gaban zumunta na roƙi Allah ya tona asirin gaskiya, mata suna amsawa da amin. Da aka fito na ji wasu suna ƙus-ƙus a wurin shan shayi. Wata ta ce tsofaffin nan da kwaɗayi, wata ta ce wa ya sani ko wani asiri za ta haɗa da shi. Na ci gaba da wanke kofuna. Da 'yar Mama ta haihu, aka yi mata aiki, na hau jirgin ƙasa na je Peckham da kular tuwo da miyar kuka. Na tarar da ita zaune a bakin gado tana kuka, jaririn na kuka, mijinta ya fita aiki, kayan da Mama ta tanada suna jere a kan tebur ba wanda ya san yadda ake amfani da su. Ta riƙe hannuna ta ce Anti, Allah ya saka miki, ke kaɗai ce kika tuna da ni. Da na fito na tsaya a titin Rye Lane cikin mutane na kasa tuna wace bas ce tawa.

Duk wannan lokaci ina kauce wa Baba. In ya kira sai in ce ina aiki. A mako na biyar ƙanwata ta kira ni da rana ta ce ga shi zaune a gindin mangwaro ya ce yau sai ya ji labarin Afisa. Na fara ba shi labarin titin marmara, sai kawai na gaya masa komai. Ya tambaye ni shekarun matar, na faɗa. Ya tambaya wa ke dafa mata abinci. Ya ce shi bai aike ni ɗauko dutse ba, kuma ko na kawo da bai taɓa shi ba. Ya ce in ajiye labarin garuruwan, ba ya son ji sai ranar da na kira na ce masa matar nan ta koma ɗakinta. Bai ɗaga murya ba, ya dai miƙa wa ƙanwata wayar.

A ranar na gaya wa maigidana, washegari na je wurin fasto. Aka haɗa ni da lauyan da ke tsaya wa Mama a can, na rubuta bayani da hannuna, inda na ɗauki dutsen da yadda na saka shi a ledar, na sa hannu a gaban wani lauya a Woolwich aka aika. Lauyan Mama ya gargaɗe ni cewa shari'ar na iya juyowa kaina, kuma ta juyo, har yau ba ni da halin taka ƙasar. Na kai kaina wurin shugabarmu a asibiti na faɗa mata, aka yi zama a kaina, aka bar ni da aikina. Takardar zamana ta yi jinkiri amma ta fito. Na tsaya gaban zumuntar mata na faɗi abin da na yi, na ajiye littafin sakatariya. Mama ta sauka London bayan wata biyu da kwanaki, ta rame, ƙafarta ta dama da miki wanda sai da aka yi wata uku ana wankewa.

Na je gaishe ta bayan mako guda. 'Yarta ta buɗe mini ƙofa ta koma ciki. Mama na zaune da jikanta a cinya. Na durƙusa na fara magana, ta ce in tashi in zauna, gwiwata ba za ta gyara komai ba. Ta ce tun da aka warware ɗankwalin ta gane nawa ne, ai ita ta taya ni zaɓarsa a kasuwar Simirna. Na tambaye ta me ya sa ba ta faɗa ba. Ta ce ta tuna yarana ƙanana ne, ta ga in ta nuna ni a gaban 'yan sanda ba ta san inda abin zai tsaya ba, ta fi so in fito da bakina. Ta ce makon farko duk safiya tana ajiye wayarta kusa da ita, tana cewa yau 'yata za ta kira. Ta ce ɗakin tsarewar bai ƙona mata rai ba kamar ranar Lahadin da ta ji muryata ina yi mata addu'a, domin a ranar ta gane ba zan kira ba. Sannan ta ce ta yafe mini tun tana can, don ba za ta iya ɗaukar ciwon suga da ƙiyayya a jiki ɗaya ba. Ta sa aka kawo mini shayi. Ba ta ba ni jaririn na riƙe ba, ni ma ban miƙa hannu ba.

Yau muna gaisawa a coci, tana tambayar yarana da sunayensu. Amma sunana take kira yanzu, kuma na san ni na jawo.

Na yi ta juya abin a raina shekarun nan. Ɗaukar dutsen wauta ce ta minti ɗaya, kuma da niyya mai kyau na lulluɓe ta, shi ya sa ban ji nauyinta ba. Saka shi a kayan wata mugunta ce. Amma abin da ya fi su duka shi ne shirun, domin shi ba sau ɗaya na yi shi ba, kowace safiya sai na sake zaɓarsa, kuma kullum ya fi jiya wuyar fasawa. Duk abin da na ji tsoron rasawa a ƙofar filin jirgin nan yana hannuna har yanzu. Wadda ba ta yi laifin komai ba ita ta rasa abin da ba a maimaitawa, kwanakin farko na jikanta na fari.

Saboda haka 'yan'uwa masu zuwa ziyarar wurare masu tsarki, ko ina ne, in jagora ya ce kada a taɓa, kada ku taɓa. Albarka ba ta cikin tsakuwa. Kada ku ba wani riƙon abin da ku kanku kuke tsoron a gani a hannunku, kada kuma ku karɓi ƙullin da ba ku buɗe ba, ko daga wanda kuke ci a kwano ɗaya. In kuwa har kun riga kun yi kuskuren, kuka ga ana tafiya da wani a madadinku, ku buɗe baki a nan take, kuna rawar jiki, kuna kuka, ko yaya ne. Taku biyar ne kawai tsakanina da Mama a ranar, na ƙi yi, kuma har yau ban gama cike su ba.