Marin da Ustaz Ya Sa Aka Yi wa Yayana

Shekara goma ke nan da rasuwar yayana Ummaru. Amma ni daga shekarar da aka fara ginin madatsar ruwa a Damazin nake lissafin rashinsa, domin a shekarar ne aka buɗe ajin manya a ƙauyenmu, kusa da Abu Hujar a nan Sudan, aka turo mana wani ustaz daga birni.

Bayan la'asar muke zama, mun dawo daga gona. Ustaz ya ce ba mu da yawa, sai ya haɗa mu da yaran makaranta. Dokarsa guda ce: wanda ya kasa karanta harafi, wanda ya iya ya tashi ya mare shi. Wai kunya ce ke buɗe kai.

Ran nan Yaya Ummaru, mai furfura a gemu, ya tsaya gaban allo ya kasa bambanta harafi biyu. Ɗansa Sale ya faɗa daidai, yana murna.

"Tashi ka mare shi," in ji Ustaz.

"Ustaz, babana ne."

"A ajina babu uba. Ko ka mara, ko in zane ka."

Yaya ya sunkuyo da kansa don hannun yaron ya kai. Ya ce, "Yi, Sale, kar ya taɓa ka."

Sale ya ɗaga hannun dama. Marin bai fi taɓawa ba, amma mun ji shi duka. Bayan girbi Yaya ya bar gonarsa ya tafi aikin leburanci Damazin, don bai iya zama kan tabarma ɗaya da ɗansa kuma. Can zazzaɓi ya kashe shi, wajen baƙi.

Ni na daina zuwa, sai bara na koma. Malaminmu na yanzu kan tabarma yake zama tare da mu. Da sunan kowa ya fara koya mana, sannan sunayen abin da muke shukawa. In ka kuskure, sai ya ce, "Sake, Baba." Nakan tambayi kaina, da Yaya ya ga wannan, dariya zai yi ko kuka? Harafi biyun nan, a zama ɗaya na gane su.

Ustaz, na ji ka tsufa a Wad Medani, ana sumbatar hannunka, ana cewa ka yaye jama'a. Mutane sun ce in yafe. Ban yafe ba. Na yi haƙuri na koyi rubutu da girmana don wannan takarda ta iso gidanka, kuma ina roƙon Allah idonka ya raunana, ya zama ɗanka ne zai karanta maka ita da ƙarfi, a gaban baƙinka.

Ga abin da dokarka ta ci mana: yaya ɗaya, gona ɗaya da ta koma hannun wani, aji guda da ya watse, da Sale, wanda ya fi kowa kai a ƙauyen, bai sake taɓa alli ba. Har yau da hagu yake karɓar abu.