Jajayen Turakun Injiniya Zulkifli

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 11 ga Nuwamba, 2025, da hantsi, aka kashe Injiniya Zulkifli Dabo a wata gona gabas da Gwaram. Ba zan ce rasuwa ya yi ba. Kashe shi aka yi, da fartanya da sanduna, ido na ganin ido.

Zulkifli, tun muna sakandare a Birnin Kudu kake zana jirgin ƙasa a bangon littafi, muna yi maka dariya. Ka girma ba ka daina ba. Shekara tara kana kan tsari guda: layin dogo da zai ratsa yankinmu, da jirgin da ba ya shan dizal, ba ya turnuƙe gari da hayaƙi. Inda aka ja waya, lantarki ya ja shi. Inda waya ba ta kai ba, batir ya karɓa, rana ta yi masa caji. Tsarin shekara talatin ne. Na taɓa tsokanarka, na ce, "Garin da ke kwana uku ba wuta, shi za ka ja wa jirgi da lantarki?" Ka ce, "Haladu, mai dasa giginya ba don bakinsa yake dasawa ba." Kai ne kuma ka sa wa rijiyar burtsatsen ƙauyen Maruta sola, ka hana a faɗi sunanka. Yau na faɗa.

Bana jita-jita ta cika ƙauyuka cewa za a shata burtali, hanyar shanu, a ƙwace gonakin da suka ci cikinsa. Sai ga baƙo da mota yana kafa jajayen turaku, dawa ba a girbe ba. Ba wanda ya tambaye ka. Direbanka, da ya tsira da karayar hannu, ya ce ka ɗaga taswira sama kana cewa, "Bayin Allah, ku duba takardar!" Hannun da ke riƙe da ita suka fara sara. Sannan kanka. Da ka faɗi ba su bar ka ba, har sai da ka daina motsi, suka banka wa motar wuta. Ni na yi maka wanka. Da ƙyar na gane fuskarka.

Na duba takardar da suka ƙi dubawa, jininka ya bushe a kanta. Layi biyu ne. Baƙin na ofishin da kake wa aiki ne, ya miƙe ɗoɗar ta tsakiyar gonakinsu. Jan naka ne, ya yi kwana ya bi ta fako, bai taɓa kunyar gona ko ɗaya ba. Shekara biyu kana jayayya a kansa, shi ka zo aunawa don a yarda da shi.

Allah ya jiƙanka, ya karɓi shahadarka, ya sa kabarinka ya zama dausayin Aljanna. Inna Fatsuma mahaifiyarsa, Munawwara matarsa da 'yarki Nasiha, Allah ya ba ku haƙurin da ni na kasa samu. Su kuwa masu gonakin, Allah ya shirye su. Jan layin nan mutum ɗaya ne yake kare shi a ofis, shi muka binne ranar Talata bayan La'asar.